Ta-Gwanja: Kakar da Salsalarmu Ta Tsallake

A gidanmu, cikin birnin Kano, kowane yaro yana iya jero sunayen kakanninsa maza har bakwai. Haka aka rene mu, muna tinƙaho da cewa mu jikokin fatake ne waɗanda suka yi safarar goro daga Gwanja. Sai da na kammala digiri, na koma gida babu aikin yi, sannan na ɗauki littafi da biro da niyyar rubuta wannan salsala don ɗebe kewa. Da na zauna gaban kakata, wadda ta haura shekara 80, tambaya guda ta yi mini: "To iyayen nasu mata fa, ka san su?" Ban san ko ɗaya ba.

Tarihin da maza suka riƙe a gidan ya dace da abin da masana suka tabbatar. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga ƙasar Hausa ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su haye Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su sauka Salaga bayan watanni a hanya. Suna kai kanwa da tufafin rini da fatu, su ɗauro huhunan goron da aka kawo daga kurmin Asante. Goro ba ya haƙuri da sakaci. Sai an riƙa kwance shi ana zaɓe ana yayyafa masa ruwa har a iso Kasuwar Kurmi. Kakan kakana yana cikin masu wannan wahala.

Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun addabi ƙasar Gurunsi, wadda a yau take tsakanin arewacin Gana da kudancin Burkina Faso, kuma da yawa daga waɗanda suka kama a Salaga aka sayar da su. Kakata ta ce a ɗaya daga tafiye-tafiyensa kakan kakana ya dawo da wata yarinya mai tsaga irin wadda ba a saba gani a Kano ba. Ya sa ta ɗaka, ta haifa masa ɗa namiji, kuma daga wannan ɗa dukanmu muka fito. A gidan ana kiranta Ta-Gwanja. Sunan da uwarta ta raɗa mata ya ɓace tun kafin a haifi kakata.

Ban karɓi maganar haka kawai ba, domin tuni na koyi cewa tarihin baka yakan yi kwaskwarima. Na je wurin wani dattijo daga ɗaya reshen dangi, wanda bai san na yi hira da kakata ba, ya ba ni labari kusan iri ɗaya, har da batun tsagar. Sannan a cikin gafakar da muka gada na tarar da takardar rabon gado da ajami. Wani malami ya karanta mini ita, sai ga matan aure biyu an ambace su da rabonsu, an ambaci ɗan da nasa rabo, uwarsa kuwa ba ta cikin masu gado. Hakan ya yi daidai da hukuncin fiƙihun Malikiyya: kuyangar da ta haifa wa ubangidanta ɗa ba a sayar da ita, tana samun 'yanci da rasuwarsa, ɗanta ɗa ne kamar sauran, amma ita ba ta gadonsa. Shirun takardar ya zama mini shaida ta uku.

Duniyar da ta kawo ta Kano ba ta daɗe ba. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Karaci da Kumasi da Ankara. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, ayarin jakuna ya mutu. Bautar kanta sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa.

Da na kai wa baffana abin da na rubuta, ya karanta, ya ce: "Ɗana, cire wannan shafin. Ana tonon asiri ne a kasuwa?" Na fahimci tsoronsa, don har yau akwai gidajen da ke binciken asali kafin su ba da aure, kuma yana da 'ya'ya mata. Na roƙe shi da ladabi, na ce in mun ci gaba da alfahari da goron da aka ɗauro, bai kamata mu ɓoye yarinyar da aka ɗauro tare da shi ba, tunda jininta ne a jikinmu. Muka daidaita cewa littafin zai zauna a cikin dangi, ba za a buga sunan gidan ba, amma shafin zai tsaya.

A azumin da ya wuce, lokacin da ake addu'a ga magabata bayan saukar Alƙur'ani, baffana ya jero maza bakwai kamar kullum, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a sa Ta-Gwanja a ciki. Kakata tana bayan labule, na ji ta amsa da amin.