Zangon da ke Tsakanin Fort Lamy da Janaina

Daga Injamena, wadda a da ake kira Fort Lamy, zuwa Janaina da ke bakin iyakar Sudan ta yamma, tazarar ta ɗan haura kilomita 800. Jirgin zamani zai cinye ta cikin awa guda da 'yan mintoci, amma a shekarar 1940 tana cikin zangunan da matuƙan Ingila suka fi shakka. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yuni na wannan shekarar, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama ganganci. Sai aka koma kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Janaina, Alfashir, Khartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar. Jirgin Hurricane mai inji ɗaya sai an ƙara masa tankin mai, ga jirgin Blenheim a gaba yana yi wa ayarin ja-gaba, domin idan hazo ya rufe ƙasa, matuƙin da ya kauce ba shi da inda zai sauka.

Abin lura shi ne, wannan jerin filaye kusan sawun alhazan ƙafa ya bi, waɗanda suke barin ƙasar Hausa da Barno su ratsa Wadai da Darfur. Wani zai ce ai jirgin sama ba ruwansa da rijiya ko kasuwa, siyasa ce kawai ta shata layin: Najeriya da Sudan suna hannun Ingila, Cadi kuma ta samu ne saboda gwamnanta Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta na 1940. Da gaskiyarsa, don da Cadi ta tsaya tare da gwamnatin Vichy ta Faransa, mai biyayya ga Jamus, da hanyar ta tsinke a tsakiya. Sai dai siyasa izinin wucewa ta bayar, ba ita ta zaɓi wurin sauka ba. Man da jirgi ke sha ta ƙasa yake zuwa. A lokacin layin dogo bai kai Maiduguri ba, sai a 1964, a Sudan kuma ta ɓangaren yamma ya tsaya a El Obeid. Tsakaninsu sai ganguna a bayan manyan motoci, kan turbar da damina ke mayarwa taɓo. Dole a yi filin inda akwai ruwa da leburori da hukuma, wato tsofaffin biranen sarauta: Janaina ta sarakunan Masalit, da Alfashir inda Ali Dinar ya yi mulki har 1916. Kamfanin Imperial Airways ma, da ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano a 1936, ta Alfashir da Fort Lamy ya riƙa bi.

Ƙaramin tanki ne ya ba waɗannan filaye daraja, kuma da tanki ya girma darajar ta tafi. Maniyyaci daga Kano yau yakan sauka Jidda ba tare da yada zango ba, alhali mai son zuwa Janaina daga Maiduguri ba shi da jirgin da zai kai shi kai tsaye.