Rediyon Kakanmu da Ya Kusa Tafiya Bola



Kwanakin baya da aka tashi gyaran tsohon gidanmu na Sabon Ibadan, an fito da tarkacen da suka shekara da shekaru a ɗakin ajiya, har da wani akwatin katako mai nauyi wanda ƙura ta rufe. Yara har sun gama ciniki da mai kurar bola, sai Gwaggo ta hango ta ce a sauke shi maza. Ta ce, "Wannan ai rediyon Alhaji ne. A gabansa muka kwana daren da aka ba da mulkin kai." Maganarta ce ta sa na ɗauki akwatin na shiga neman mai gyara, a hanya kuma na tsinci tarihin da nake so mu yi waiwaye a kansa.

Rediyon ƙirar kamfanin Philips ne na ƙasar Holan, irin na ƙarshen shekarun 1950. Idan aka buɗe bayansa za a ga kwalabe shida a tsaye kamar ƙananan ƙwayayen fitila, masu gyara na ce musu bawul. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙirƙiro ta farko a 1904. A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara mata waya ta uku a ciki, wadda ta ba ta damar ɗaukar sigina mai rauni ta ƙarfafa shi. Babu iska a cikin kwalbar, kuma ba ta aiki sai zaren cikinta ya yi ja. Shi ya sa tsofaffi ke cewa rediyon da sai ya ɗumama kafin ya yi magana.

Kafin irin wannan akwati ya shiga gidaje, abin da aka sani shi ne rediyo mai waya. Gwamnatin Turawa ta buɗe shi a Legas a 1935, ya iso Ibadan a 1939, ya kai Kano a 1944. Lasifika ce kawai a cikin akwati, an jawo mata waya daga tasha, ana biyan kuɗin haya. Ba ka da zaɓi, abin da aka sako shi za ka ji. Maƙwabtanmu Yarabawa sun sa wa rediyo suna Asoromagbesi, wato mai magana ba ya jiran amsa. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta NBS, wadda ta koma NBC a 1957.

Akwati mai kwalba ya zo da abin da mai waya ba shi da shi, wato gajeren zango. Da eriya ɗaya a saman kwano, mutum yana zaune a Ibadan zai kamo Landan. Ranar 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara aiki da shirin minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna. Daga baya Jamus da Sin da Rasha da Amurka duk suka buɗe sassan Hausa.

Sai mu tuna yadda zaman Sabo yake a lokacin. An kafa unguwar a 1916, kuma goro da shanu ne suka riƙe ta: goro ya yi arewa, shanu su gangaro kudu. Fatake na sauka a gidajen masu masauki, wani ya yi wata da watanni bai ji ɗuriyar iyalinsa ba. Wasiƙa na daɗewa a hanya, wayar tarho kuwa sai ofis. Saboda haka rediyon maigida ba nasa ba ne shi kaɗai. Bayan sallar isha'i akan fito da shi zaure, a shimfiɗa tabarmi, a juya allura zuwa mita 49 inda Kaduna take. Wanda ya aika kati ga shirin Zaɓi Sonka yakan kasa kunne ya ji an karanto gaisuwarsa zuwa ga mahaifiyarsa a Katsina ko Haɗeja, yana da yaƙinin can ma wani zai ji ya kai mata labari cewa ɗanta yana raye. Gwaggo ta ce a gaban wannan akwati aka yi shewa ranar 1 ga Oktoba 1960. A gabansa kuma zaure ya yi tsit ranar 15 ga Janairu 1966, da labari ya zo an kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Firimiya Akintola a nan Ibadan.

Abin da ya yi wa kwalba ritaya shi ne tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ba ya zafi, ba ya cin wuta, batir ya ishe shi. Da rediyoyin Japan irin su National da Sony suka cika kasuwa, kowa ya rataya nasa a kafaɗa, daga mai gadi har makiyayi. Sai aka tura manyan akwatuna ɗakin ajiya, masu gyaransu suka koma wasu sana'o'i.

Na sha yawo kafin a yi mini kwatancen wani dattijo Bayarabe a wajen Ogunpa, wanda ya koyi aikin tun yana saurayi. Ya fi shekara saba'in, idonsa ya yi rauni, amma da ya ga akwatin sai ya yi murmushi. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, kun sa masa wuta?" Na ce a'a Baba. Ya ce to kun auna arziki. Ya bayyana mini cewa kwalabe ba su cika mutuwa ba, masu lalacewa su ne kwandansa, musamman na takarda da kakin zuma, waɗanda ke shan danshi su riƙa yoyon wuta. Guda ɗaya idan ta lalace tana iya ƙona kwalbar sauti da taransifoma a lokaci guda. Ga shi wutar da ke yawo a ciki ta kai bolt 250, kuma takan maƙale ko bayan an zare soket. Don Allah duk mai irin wannan akwati kada ya bar yara su yi masa karambani.

Baba ya share kashin ɓera da ƙwan kyankyasai, ya sauya kwandansa ɗaya bayan ɗaya da sababbi, waɗanda ba su da wuyar samu. Zaren da ke jan allura ya tsinke, ya maye shi da zaren ɗinkin takalmi. Ranar gwaji sai ya ratsa wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da, ya ce idan akwai matsala ƙwan zai haska sosai ya tare ɓarnar. Kwalabe biyu ne suka gaza: EL84 mai fitar da sauti, da ECH81 mai tace tasha. Ya koya mini cewa harafin E na farko na nufin zaren kwalbar na cin bolt 6.3.

EL84 ba ta ba ni wahala ba. Har yau ana ƙera ta a Rasha da Sulobakiya saboda masu kiɗan jita na son sautinta, na kuwa same ta wajen masu sayar da kayan kiɗa a kasuwar Alaba ta Legas. ECH81 ce ta zama aiki, domin an daɗe da daina yin ta. Samarin kasuwa suka riƙa juya tsohuwar a hannu suna tambaya ko ƙwan firji ne. Baba ya ce ko ita, ko takwararta ta Rasha mai lamba 6I1P. Ashe abin nema yana gindinmu. Wani ɗan uwa mai sana'ar gwangwan ya ce ai irin waɗannan akwatuna suna shigo musu jefi-jefi, sukan fasa su ciri jan ƙarfen taransifoma, kwalaben kuwa a watsar. Bayan mako uku ya kawo mini guda bakwai a cikin gwangwanin madara. Biyu daga ciki ECH81 ne, ɗaya na da rai.

Daren da muka kunna shi a zaure, mun yi jiran kusan rabin minti kafin koren idon nan na gaba ya buɗe. Ba shi da zangon FM, kuma gajeren zango yanzu cike yake da ƙarar caja da injin wuta, tashoshi da yawa ma sun bar shi. Duk da haka, a hankali muka kamo wata tashar waje ana karanta labarai da Hausa. Gwaggo ba ta ce komai ba, sai ta sa gefen mayafi ta share ido.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kwalba ana iya samunta ko da wuya, amma Baba ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyon aikin. Haka su Gwaggo da suka san abin da aka ji a waɗannan zauruka suna ta ƙarewa. Ina roƙon 'yan uwanmu masu gwangwan a Sabo da Agege da Shagamu da sauran zangogi, idan irin wannan akwati ya faɗo hannunku ku dakata da guduma, ko ba komai ku adana kwalaben. Masu shi a gida kuma ku tambayi tsofaffi wa ya saya, a ina, me aka ji a cikinsa, ku rubuta tun suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya.