Daga Jinga Zuwa Udoji: Yadda Muka Mance da Cinikin Guminmu

Na daɗe ina zama a teburin ɗaukar ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, kuma akwai amsar da kunnena ya gaji da ji. Idan aka gama tambayoyi aka ce wa mai neman aiki, "Nawa kake so a biya ka?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da kuka ga ya dace." Wannan mutumin ne fa zai yini a kara yana ja-in-ja a kan ragon layya, ya taya a ce albarka, ya tafi ya dawo har a sallama masa. Wannan shirun gado ne, kuma ana iya bin sawunsa.

Kafin zuwan Turawa, aikin ƙarfi mai yawa a ƙasar Hausa bayi ne ke yin sa a gandu da rinji, kuma bawa ba shi da bakin ciniki, in ban da wanda aka yarje wa murgu, ya nemi na kansa yana biyan ubangijinsa abin da aka yanka masa. Ɗa kuwa hanya biyu ke gabansa. Ta farko ita ce ƙodago da jinga. Mai gona ya kai ka bakin gonarsa, ka duba faɗinta da ƙarfin ciyawarta, ka faɗi kuɗinka, shi ma ya faɗi nasa. Haka magini, haka mai haƙar rijiya, haka ɗan dako. Kuma cinikin bai tsaya a kan wuri nawa ba. Sai an yi maganar furar rana, da wanda zai kawo kayan aiki, da abin da za a bayar kafin alƙalami. Babu mai jin kunyar wannan, domin malamai sun karantar da shi a zaure: a babin ijara na fiƙihun Malikiyya, wajibi ne a san lada, a san aikin ko wa'adinsa, tun kafin a fara. Ko Annabi Musa, Alaihis Salam, da ya ɗauki aiki a Madyana, sai da aka fayyace shekara takwas, in ya cika goma don ganin damarsa ne.

Hanya ta biyu ita ce barantaka, kuma a nan ne bakin ciniki ke rufewa. Bara ba ya tambayar ubangidansa nawa. Ci da sha da wurin kwana suna wuyan maigida, da rigar sallah, da magani in ciwo ya zo. In yaro ya isa aure maigida ne zai yi masa, in ya nuna amana a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Da irin waɗannan yara fatake suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da su attajiran gyaɗa irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa harkarsu cikin ƙauyuka. Da masani Abner Cohen ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, irin wannan tsari ya tarar tsakanin masu gidajen saukar shanu da goro da yaransu. A irin wannan zama, wanda ya buɗi baki ya ce a yanka masa kuɗi ya nuna bai yarda da maigida ba, ya mai da kansa ɗan ƙodago bayan an ɗauke shi ɗan gida. Shirun bara yana da riba, amma ribar tana rataye ne da halin mutum ɗaya da tsawon ransa.

Turawa suka zo da hanya ta uku, wato albashi mai ƙa'ida. Daga baitulmalin da wani Bature mai suna Palmer ya fara a Katsina wajen 1909, sarakuna da hakimai da alƙalai suka koma karɓar kuɗin wata maimakon kason haraji, malaman En'e ma haka. Talaka kuwa harajin da aka ce sai da kuɗin Bature shi ya tura shi neman lada: aikin hanyar jirgi da ta iso Kano a 1911, dakon gyaɗa, da haƙar kuza a Jos da Bukuru. A filin kuza lebura ba ya ganin Bature, heluma yake gani, kuma an riga an yanka kuɗin mako. Cinikin da ya rage masa na ƙafa ne: in barikin nan ba daɗi ya koma wancan, in damina ta faɗi ya koma gona. Ko wannan ma an ƙwace shi a lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas har 1944, da yawa kuma sanyin tsaunin da cuta suka kashe su.

Tun da mutum ɗaya ba shi da baki a gaban ƙa'idar gwamnati, sai ma'aikata suka gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatun gwamnati, Michael Imoudu na gaba, suka ajiye aiki fiye da kwana 40 suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, har aka kafa kwamitin Tudor Davies ya ba su gaskiya. Daga nan hanya ta buɗe: a yi yaji, a kafa kwamiti, a yi ƙari. Jan ƙafar gwamnati a kan rahoton kwamitin Morgan ya jawo yajin gama-gari na Yunin 1964. Bayan yaƙin basasa aka yi kwamitin Adebo. Sai kuma Udoji, wanda har yau tsofaffi ke faɗin sunansa kamar sunan shekara. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, ya jera ma'aikatan gwamnati a matakai 17, ƙananan ma'aikata albashinsu ya ninka, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Masinja ya sayi babur, malamin firamare ya yi wa gidansu rufin kwano, aka yi ta aure. Kasuwa kuma ta ji labari. A shekarar nan hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, manomi da ɗan tireda da ba su ga ko kwabo na Udoji ba suka biya tare da kowa.

Daga baya cinikin ya koma kan albashi mafi ƙaranci. A 1981, bayan yajin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Shagari ta amince da naira 125, wanda a lokacin ya haura dala 200. Aka zo 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019. A 2024 ƙungiyoyi suka fara da 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta jan zare har aka tsaya a 70,000, abin da bai kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannu. Lambobi sun yi ta kumbura, buhun da suke saya yana ƙanƙancewa.

Abin da ya riƙe ma'aikacin wancan zamani, in an lura, ba tsabar kuɗin ba ne kaɗai. Akwai gidan gwamnati, da bashin mota, da kuɗin hutu, da asibiti, da fansho da garatuti. Gwamnati ta zama sabon ubangida, shi ya sa iyayenmu suka saba da karɓar takardar kama aiki ba tare da tambaya ba: matakinka ya riga ya faɗi kuɗinka, ƙungiya za ta yi maka faɗan ƙari, tsufanka kuma an tanada. Wannan rumfa ta fara yaye a zamanin Obasanjo, lokacin da aka mai da gida da mota kuɗi a cikin albashi a 2003, aka kuma kawo fanshon karo-karo a 2004. Masaƙun Kakuri da masana'antun Bompai da Sharaɗa, inda ƙungiya ke da ƙarfi, yawancinsu sun rufe. Aikin da ya rage wa 'ya'yanmu yana bankuna, da kamfanonin waya, da makarantun kuɗi, da ƙungiyoyin agaji, inda sau da yawa mutum biyu ke aiki iri ɗaya a ɗaki ɗaya, albashinsu ya sha bamban, don ɗaya ya yi magana ranar ɗauka, ɗaya ya yi kawaici.

Ra'ayina shi ne aikin kamfani na yau jinga ne, ko da an sa masa kwat. Don haka a shige shi yadda kakanninmu ke shiga jinga. A fara sanin abin da ake biyan irin aikin a gari. A tambaya ko kuɗin da aka ambata kafin cire haraji ne ko bayansa. A tambayi fansho, domin dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai kamfani kashi 10. A tambayi asibiti da kuɗin mota da hutu, da watannin gwaji, da wa'adin sallama. Sannan a nemi komai a rubuce, wanda dokar ƙwadago ma ta wajabta bayarwa cikin wata uku da fara aiki. Ana iya yin duk wannan da ladabi, ba a ɗaga murya ba.

A kuma yi hattara da mai ɗaukar aikin da zai ce, "Haba, ai nan gida ne, kada ka damu da maganar kuɗi." Yana aron bakin ubangida ne. Ubangidan gaske yakan yi wa yaronsa aure, ya yi jinyarsa, ya ba shi jari, ya riƙe marayunsa. Wanda bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba shi da hakkin a yi masa kawaicin bara, sai ya faɗi kuɗinsa a ji.