Kafin Walƙiya: Tarihin Jijjigar Masu Ciki

A gidajenmu sunanta jijjiga, wasu su ce taune-taune. Mai tsohon ciki za ta yi ta kukan ciwon kai, ƙafafu da fuska su kumbura, gani ya dushe, sai kwatsam ta yanke jiki ta faɗi, haƙora sun datse harshe. Da yawanmu mun taso muna jin ana ɗora abin a kan iska ko sammu. Turawa ma sun daɗe suna lalube. Sunan da likitocinsu suka ba ta, eklamsiya, daga kalmar Girkanci yake mai nufin walƙiya, domin a ganinsu haka take faɗowa babu sallama.

A ƙarni na 17 wani likitan Faransa, François Mauriceau, ya lura cewa masu cikin fari sun fi kamuwa. Maganinsa shi ne a tsaga jijiya a rage jini, kusan irin tunanin da ke bayan ƙahon wanzamanmu. A ƙarni na 18 ɗan ƙasarsu Boissier de Sauvages ya raba ta da farfaɗiya. Duk da haka babu wanda ke iya cewa ga matar da za ta faɗi gobe.

Haske ya fara shigowa a 1843, lokacin da John Lever na asibitin Guy da ke Landan ya gano furotin a fitsarin matan da suka yi jijjiga. A 1896 Scipione Riva-Rocci na Italiya ya ƙera ma'aunin hawan jini mai ɗaurin damtse. Da waɗannan abubuwa biyu aka fahimci cewa walƙiyar tana da hadari a gabanta. Matakin da ke zuwa kafin faɗuwar shi ake kira fri-eklamsiya: jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, sau da yawa tare da furotin a fitsari. Yau mun san tushen yana ga mabiyiya. Jijiyoyin mahaifa da ya kamata su buɗe su shayar da ita ba sa buɗewa sosai, ita kuma sai ta saki sinadaran da ke lahanta jijiyoyin uwa, har ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haihuwa ce babban magani, ko da yake cutar kan iya tasowa a kwanakin farko na jego.

Tarihin maganin ya fi ban takaici. Wajen 1900 Vasily Stroganov na Rasha yana kwantar da mata a ɗaki mai duhu da shiru, yana ba su magungunan sa barci. A 1925 Edmond Lazard na Los Anjalas ya ba da rahoton yi wa masu jijjiga allurar maganiziyam salfet ta jijiya, wani gishiri mai araha. Likitocin Amurka suka rungume shi, na Ingila da ƙasashen da suka koyi likitanci a hannunta suka tsaya kan wasu magunguna, daga baya kuma kan diyazefam. Shekara 70 ana wannan ja-in-ja, mata na mutuwa a tsakani. Sai a 1995 wani babban gwaji kan mata 1,687 ya nuna gishirin ya fi diyazefam hana jijjiga dawowa da kusan rabi. A 2002 gwajin Magpie, mai mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin faɗuwar tun farko da kashi 58 cikin 100.

Mu a nan sai da muka ƙara jira. A 2008 aka shigar da maganin asibitocin gwamnati 10 na jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake ba da shi. Mace-macen masu wannan ciwo a asibitocin ya sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. A da, cikin mata biyar ɗaya ba ta komawa gida.

Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa gargaɗin da babu mai karantawa da shi da babu duk ɗaya. Ma'aunin da aka ƙera shekara fiye da 120 da suka wuce yana nan a ɗakin awo, kuma minti biyu ya ishe shi. Abin da ya rage yana hannun miji da uwar miji da mai ba da kuɗin mota: mai ciki ta je awo a kan kari, kuma idan ta ce kanta na sarawa ko tana ganin wuta-wuta, a nufi asibiti a daren, kada a bari sai gari ya waye.