Masu Tsaron Inji: Wuta da Ruwa a Tarihin Khartum

A shekarar 1908 aka kafa injin lantarki na farko a unguwar Burri, a bakin Shuɗin Nilu. Ƙarfinsa kilowat 100 ne kacal, abin da a yau ba zai ishi babban otal guda ba, amma daga nan tarihin lantarki a Sudan ya faro. A 1925 gwamnatin mulkin mallaka ta damƙa wuta da ruwa da jirgin ƙasa na cikin gari ga kamfanin Sudan Light and Power. A zamaninsa aka buɗe gadar Farin Nilu a 1928, wadda ta haɗa Khartum da Omdurman. Gwamnati ta saye kamfanin a 1952.

Littattafan tarihi sukan tsaya a kan waɗannan shekaru. A ganina sun bar mutumin da ya fi cancantar ambato, wato injiniyan da ke kwana a gaban inji. Shi ba ya zana gada, ba ya yanke kyallen buɗe tasha. Idonsa na kan ma'aunin matsin tururi da tsayin ruwan da ke cikin tukunya, domin idan ruwan ya ja baya alhali wuta na ci, bututun ƙarfe zai yi laushi ya fashe. Kunnensa kuma ya san kukan famfo mai lafiya, ya san na wanda ya fara cin kansa.

Khartum ta ƙara masa wata wahalar. Daga Yuli zuwa Satumba Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka mai kauri, wadda ke cinye fukafukan famfo, ta toshe yashin tace ruwa. A wannan lokaci dole ma'aikatan matatar Mogran su ƙara alam, su yawaita wanke matatai, kafin ruwa ya yi hasken da za a sha. Ga kuma habub, guguwar ƙura da ke cusa rairayi a kowace kafa ta inji. (Ɗalibi ya lura: "wuta" a Hausa ta ɗauki harshen wuta da lantarki gaba ɗaya, wannan ma'aikaci kuwa da duka biyun yake fama.)

Madatsun Sennar da Roseires, daga baya kuma Merowe a 2009, sun kawo lantarkin ruwa, amma famfunan birnin sun ci gaba da dogaro da waya da kuma mai tsaronsu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya bayyana haka. Matatar ruwa ta Bahri ta tsaya tun a kwanakin farko, mutane suka koma ɗibar ruwan kogi da jarka. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin lantarki a Omdurman, famfuna suka yi shiru, cutar kwalara ta bazu a jihar Khartum cikin 'yan makonni.