Jerin Fifikon Jami'o'in Afirka: Tarihin Mudun da Ake Awo da Shi

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar hukumomin da ke jera jami'o'in duniya bisa fifiko sun fitar da sakamakonsu, sai jaridu su ɗauka. Shugabannin jami'o'in da suka haura su yi ta shela, waɗanda suka zame kuwa su shiga neman abin da za su faɗa wa majalisunsu. Iyaye ma sun fara duba wannan jeri kafin su zaɓa wa 'ya'yansu makaranta. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi diddigin yadda aka yi ta auna darajar cibiyoyin ilmi mai zurfi a Afirka daga zamani zuwa zamani, domin mu gane dalilin da ya sa jerin na yau ya fito da siffar da muke gani. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, jerin nan ya fi nuna tarihin dukiya da na mulki bisa ga ƙwazon malaman yau, kuma mudun da ake awon da shi ba a nan nahiyar aka ƙera shi ba.

Kafin Zuwan Turawa

Ilmi mai zurfi ba baƙo ba ne a Afirka. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda ruwaya ta ce Fatima al-Fihriyya ce ta gina shi a 859, da Azhar ta Alƙahira wadda aka aza harsashinta a 970, da Sankore ta Tambutu, duk sun yaye malamai ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su kafa kwaleji ko guda a nahiyar. Amma a wancan zamani daraja a jikin malami take, shi ɗalibi yake bi duk inda yake. Abin da ake tambaya shi ne a wurin wa mutum ya yi karatu, waɗanne littattafai ya sauke, kuma wa ya ba shi ijaza. Alal misali, da sojojin Maroko suka kwashi Ahmad Baba daga Tambutu zuwa Marrakish a 1594, darajarsa ta bi shi can, har ɗalibai suka yi ta cincirindo a zaurensa. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi Agadas domin karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta littafi sukutum yana lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Wannan mudu yana da nasa rauni, amma al'ummar da ke amfani da ilmin ita ce ke riƙe da shi.

Mudun Landan

Da zuwan Turawa sai ma'aunin ya koma ƙetare. Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda 'yan mishan suka kafa a 1827, ba ta sami ikon kai ɗalibanta ga digiri ba sai da aka jingina ta da Jami'ar Durham ta Ingila a 1876. Bayan rahotannin kwamitocin Asquith da Elliot na 1945, gwamnatin Ingila ta buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da ƙasar Gana a 1948, sa'an nan aka ɗaga Makerere ta Yuganda zuwa wannan matsayi a 1949. Dukkansu a ƙarƙashin Jami'ar Landan suke: da hannunta ake tsara manhaja, da hannunta ake duba jarrabawa, kuma digirin da ake bayarwa nata ne. Faransawa sun ma fi haka tsanantawa, domin Jami'ar Dakar da aka kafa a 1957 cikin jami'o'in Faransa aka lissafa ta. Watau a wannan zamani, kwaleji ta gari ita ce wadda ɗalibinta ba ya bambanta da na Landan ko Faris. Lalle an sami karatu mai inganci, amma ga 'yan ƙalilan, tun da yake Ibadan da ɗalibai 104 ta fara, a ƙasar da ke da miliyoyin mutane.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi Afirka ta Kudu, domin tarihinta dabam yake, kuma shi ne mabuɗin fahimtar jerin yau. Jami'ar Cape Town ta samo asali ne daga wata kwaleji da aka kafa a 1829, ta zama cikakkiyar jami'a a 1918, da taimakon wasiyyar attajiran zinariya da lu'ulu'u. Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg daga makarantar koyon haƙar ma'adinai ta tsiro, ta zama jami'a a 1922. Waɗannan jami'o'i ba 'yan mulkin mallaka masu shirin komawa gida suka gina su ba, Turawa mazauna ƙasar ne suka gina wa 'ya'yansu, saboda haka suka zuba musu dukiya ta ɗakunan gwaji da na karatu da asibitocin koyarwa. A asibitin koyarwar Cape Town aka fara dashen zuciyar ɗan Adam a duniya a 1967. Amma tun 1959 dokar wariyar launin fata ta hana baƙar fata shiga irin waɗannan jami'o'i sai da izinin minista, aka ware musu nasu kwalejoji marasa galihu. Ke nan dukiyar ƙasa baki ɗaya ce aka tara wa 'yan tsiraru shekara da shekaru.

Mudun 'Yancin Kai

Bayan samun 'yancin kai, shugabannin Afirka sun yi ƙoƙarin ƙera nasu mudu. A taron da UNESCO ta kira a Tananarif ta Madagaska a 1962, da kafa Ƙungiyar Jami'o'in Afirka a Rabat a 1967, da taron Akara na 1972, magana ɗaya aka yi ta nanatawa, cewa jami'ar Afirka da aikin da ta yi wa ƙasarta za a auna ta. A Nijeriya an buɗe Nsukka a 1960, shekarar da kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa, sa'an nan Zariya da Ife da Legas suka fara karatu a 1962. Tambayar wancan lokaci ita ce likitoci da malamai da injiniyoyi da ma'aikatan mulki nawa aka yaye domin su gaji Turawa. Bisa wannan ma'auni an yi rawar gani. Kenneth Dike da abokansa a Ibadan, da Abdullahi Smith a Zariya, da Cheikh Anta Diop a Dakar, da Walter Rodney a Darussalam, sun sake rubuta tarihin Afirka daga ciki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma ta yi ta fitar da ingantaccen iri na auduga da gyaɗa da dawa ga manoman Arewa.

Wannan zamani bai daɗe ba. A Yuganda mulkin Idi Amin, daga 1971 zuwa 1979, ya tarwatsa Makerere, har shugabanta Frank Kalimuzo ya ɓace a 1972, malamai da yawa suka yi hijira. A sauran ƙasashe kuwa faɗuwar farashin kayan da ake fitarwa da nauyin bashi suka kawo shirin tsuke bakin aljihu, wanda Nijeriya ta shiga a 1986. A waɗannan shekaru Bankin Duniya yana ganin kuɗin da aka zuba a firamare ya fi riba bisa wanda aka zuba a jami'a, gwamnatoci kuma suka bi. Ɗakunan karatu suka daina sayen mujallun bincike, kayan gwaji suka lalace, ƙwararru suka watse zuwa Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Bankin bai sauya ra'ayi a fili ba sai a 2000, cikin wani rahoto da ya fitar tare da UNESCO.

Mudun Ƙidaya

Shekara uku kacal bayan haka, watau a 2003, jerin fifikon jami'o'in duniya na farko ya fito daga Jami'ar Jiao Tong ta Shanghai. Ke nan an fara awon ne daidai lokacin da yawancin jami'o'in nahiyar suke farfaɗowa daga jinyar shekara ashirin. Daɗin daɗawa, Sinawa sun ƙirƙiro shi ne domin su san tazarar da ke tsakanin jami'o'insu da na Amurka, shi ya sa suka zaɓi abubuwan da na Amurka suka yi fice a kansu. Kashi 30 cikin 100 na makin ya ta'allaƙa ne ga lambar yabo ta Nobel da ta Fields da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka samu, kashi 20 ga masanan da aka fi ambaton ayyukansu, kashi 20 ga maƙalun da aka buga a mujallun Nature da Science, kashi 20 ga maƙalun da suka shiga manyan kundayen ƙididdiga, sauran 10 kuma ga kwatanta duk waɗannan da yawan malamai. A 2004 jaridar Times Higher Education da kamfanin QS suka fito da nasu na haɗin guiwa, suka rabu a 2009, kowa ya ci gaba da nasa. A na QS, ra'ayin malaman duniya game da sunan jami'a ya daɗe yana ɗauke da kashi 40, kafin a rage shi zuwa 30 a 2023.

Wanda ya bi tarihin da muka kawo ba zai yi mamakin sakamakon ba. A galibin jeri Cape Town ce kan zo gaba a Afirka, sai 'yan'uwanta irin su Witwatersrand da Stellenbosch da Pretoria, da manyan jami'o'in Masar, sa'an nan Makerere da Ibadan da Gana da Nairobi su biyo daga baya. Suna da dukiya abubuwa ne da ake gada, mudun kuma su yake awo. Har ila yau mudun yana iya ruɗuwa. A 2010 Times ta sa Jami'ar Iskandariyya ta Masar a matsayi na 147 a duniya, ta huɗu wajen yawan ambato, daga baya aka gano cewa mafi yawan makin daga malami guda ya fito, wanda ke buga maƙalunsa a mujallar da shi ne editanta, yana ambaton kansa.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da mudun ba ya gani. Nazarin da aka rubuta da Hausa ko Suwahili ko Amharik da wuya ya shiga waɗancan kundaye, saboda haka aikin da aka yi a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai wajen daidaita rubutun Hausa da ƙirƙiro kalmomin nazari da tattara rubuce-rubucen ajami ba ya ƙara wa jami'a maki. Kwalejojin ilmi, waɗanda ke yaye malaman firamare da ƙaramar sakandare, ba su cikin lissafin sam. Wannan ne ya sa Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta bayyana a 2023 cewa ba ta shiga irin wannan gasa. A shekarar ce kuma Times ta fito da jeri na musamman ga ƙasashen kudu da Sahara, inda ta shigar da sauƙin samun gurbi da amfanin jami'a ga nahiyar, sai ga Jami'ar Kiwon Lafiya ta Muhimbili ta Tanzaniya cikin na sahun gaba. Da aka canja mudu, jerin ma ya canja.

Kammalawa

Ba mu ce a yi watsi da jerin fifiko ba, kuma ba mu ce duk laifin na tarihi ne ba. Tun 1980, a Shirin Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa domin bincike, amma cika alkawarin ya gagari kusan dukkansu. Jami'o'in gwamnati a Nijeriya sun kasance a rufe kimanin wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022 saboda yajin aiki. Babu mudun da zai ɓoye wannan. Abin da muke tsoro shi ne jami'a mai ƙaramin ƙarfi ta karkatar da ɗan abin da take da shi wajen farautar maki, ta tilasta wa malami barin matsalar garinsu ya bi abin da mujallun ƙetare ke so, alhali Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, hukumomin jami'o'i da Ƙungiyar Jami'o'in Afirka su samar da kundin ƙididdiga na mujallun nahiyar, har da waɗanda ake bugawa da harsunanmu. Na biyu, wajen ƙarin girma a ba aikin koyarwa da fassara da rubuta littattafan makaranta nauyin da ya cancance su. Na uku, duk lokacin da za mu gabatar wa ɗalibai ko iyaye wani jeri, mu faɗa musu wanda ya yi awon, da abin da ya auna, da abin da ya bari.