Daga Sabha Ake Karanta Hunturun Kano

Duk wanda ya yi aiki a ofishin hasashen yanayi na Kano ko Yamai ya san taswirar da muke fara buɗewa a watan Disamba: ta kudancin Libiya. Da zarar nauyin iska ya hau a Sabha da sauran yankin Fezzan, sai mu ce wa juna hazo na hanya.

Madugai ne malamanmu na farko. Ayarin da ke bin Murzuk da Ghat zuwa Agadas da Kano ya san lokacin gibli, iskar kudu mai zafi da ke tasowa a bazara ta rufe rana da ƙura. Ya san kawalwalniya, wadda ke bayyana idan iskar da ke dab da yashi ta ɗau zafi har ta lanƙwasa haske, matafiyi ya hango tafki inda babu ko ɗigo. Lambobi kawai madugu bai rubuta ba. Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya sauka Murzuk a 1850, su suka fara shigowa da ma'aunin zafi, daga baya Italiya ta kafa tashoshi bayan shigarta Libiya a 1911.

Jirgin sama ne ya mai da aikin namu dole. Tun da jirage suka fara sauka Kano a 1925, matuƙa ke tambayar yaushe hazo zai toshe fili. Magabatanmu suka lura cewa idan ƙura ta tashi a Faya, a arewacin Chadi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ta iso Kano. Dalilin kuwa yana Fezzan. Iska mai nauyi da ta taru a can takan kwararo kudu, ta matsu tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi garin ƙasa a kwarin Bodele, tsohon gindin Tafkin Chadi. Wannan ƙurar ce ke fasa mana leɓe. Tauraron ɗan Adam na Meteosat, da aka fara harbawa a 1977, ya nuna mana tafiyarta ido da ido.

Libiya ta kuma koya mana darajar ma'auni. Shekara 90 littattafai na cewa Aziziya, kusa da Tarabulus, ta kai digiri 58 ranar 13 ga Satumba 1922, mafi zafi a duniya. A 2012 kwamitin Hukumar Yanayi ta Duniya, da taimakon Khalid El Fadli na cibiyar yanayin Libiya, ya binciki tsohuwar rijistar tashar, ya soke lambar saboda matsalar ma'aunin da ƙarancin ƙwarewar mai karantawa. Har yau da wannan labari muke horar da sababbin ma'aikata.

Hoton sama ba ya maye gurbin mutumin da ke fita kowace sa'a uku ya karanta nauyin iska a Sabha, Bilma ko Faya. Idan tasha ɗaya ta yi shiru, hasashen Kano da Maraɗi ya raunana, kuma masu asma da matuƙa jirgi ne ke shan wahala. Muna roƙon gwamnatocin Najeriya, Nijar, Chadi da Libiya su raya tashoshin hamada, su riƙa musayar bayanai a kan lokaci, matasanmu kuma su shigo wannan fanni.